Ƙararrawar Biyar da Rabi

Woolwich, Landan
9 ga Maris, 1987

Zuwa ga 'yata Hajiya Karimatu Hambali, a Azare.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara, da ɗan'uwana Malam Hambali, mahaifinki. Ƙila ki yi mamakin ganin hannuna, domin rabona da rubuto muku tun ta'aziyyar mahaifiyarki, Allah ya jiƙanta. Ni ne Baffanki Abdulƙadir Jalo. Kakata ta wajen uwa da kakan mahaifinki ciki ɗaya suka fito.

Wata biyar ke nan ina nan wurin 'yata Dakta Habiba. An cire mini yanar idon dama a watan Janairu, na hagu kuma an ce sai Yuni. Gwiwoyi suna ƙara, gidan kuwa hawa na uku ne, amma alhamdu lillahi.

Ga dalilin wannan takarda. Tsofaffin ɗaliban Kwalejinmu da ke nan Ingila za su yi taro a watan Yuli, za su kuma buga ɗan littafi na tunawa. Sakatarensu, wani Alhaji Uwaisu, ya roƙe ni in rubuta tarihin ƙungiyar tamaula ta farko, ta shekarar 1927, tun da bana ta cika shekara sittin. Ni ne kyaftin ɗinta, mahaifinki ne mai tsaron gida. Cikin mu goma sha ɗaya, mu biyu kaɗai muka rage a duniya.

Ina roƙon ki karanta masa waɗannan tambayoyi, ki rubuta amsarsa yadda ya faɗa, kada ki gyara masa:

Na ɗaya, wasa nawa muka yi a shekarar? Ni bakwai nake riƙe da su.

Na biyu, ko hoton da aka ɗauke mu a gindin tsamiya yana wurinsa?

Na uku, me yake tunawa game da minti biyar na ƙarshe a wasan kofi, ranar Asabar, 12 ga Nuwamba?

Ki sanar da shi cewa na ƙudura zan rubuta abin da ya faru a wasan nan daki-daki, ba zan ɓoye komai ba. Mai buga littafin yana son rubutun kafin ƙarshen Yuni, don haka kada amsa ta yi jinkiri.

Baffanki,
Abdulƙadir Jalo

*

Woolwich, Landan
21 ga Afrilu, 1987

'Yata Karimatu,

Ina gaishe ki, ina gaida mahaifinki. Ina lafiya, sai dai abinci ba ya shiga sosai.

Yau kwana arba'in da uku da na jefa takardata ta farko a akwatin gidan waya da ke bakin kasuwar Woolwich. Na tambaya, an ce mako biyu take yi zuwa Kano, wani lokaci uku. Kullum da ƙarfe takwas nakan sauka matakala talatin da shida in duba ko an kawo wasiƙu, in sake saukowa da azahar. Habiba ta ce, "Baba, ka yi relaxing mana, post ɗin gida ai sai a hankali." Na ce mata ta zaɓi harshe ɗaya ta yi mini magana da shi.

Na fara rubutun. Bari in ba ki abin da na riƙe, ko zai tayar wa mahaifinki da tunani. Babu takalmi muke wasa. Tamaula ɗaya ce a Kwalejin duka, in ta fashe sai a kai wa baduku a kasuwa, mu jira kwana biyu. Gida kuwa sanduna biyu ne da gora a kansu, babu raga. Baturen da yake koya mana wasan shi ne kuma malamin lissafi. Mun ci 'yan aji biyar uku da nema, mun ci akawunan En'e shida da ɗaya, mun yi canjaras da 'yan sanda, muka sake haɗuwa muka ci su. A wasanni shida, tamaula biyu kacal ta wuce Hambali. Ban taɓa ganin hannu irin nasa ba, har a talabijin ɗin mutanen nan.

Daga nan alƙalamina ya tsaya. Na rubuta "Wasa na bakwai" a kan takarda, na ja layi a ƙarƙashinsa da rula, kwana goma sha ɗaya ke nan ban ƙara kalma ba. Ina kai da komowa tsakanin taga da ƙofa, har matar da ke hawa na biyu ta aiko a tambaya ko lafiya.

Jiya na hau jirgin ƙasa zuwa Charing Cross na ga Alhaji Uwaisu a ofishinsu. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ai labarin golan nan da ya bar gida ya tafi, shi ne zai ƙayata littafin. Har mu da muka zo bayanku da shekara talatin an ba mu shi." Ya yi dariya har da buga tebur. Ban sha shayin da ya sa aka kawo ba.

Don Allah ki amsa mini, ko da layi biyu ne.

Baffanki,
Abdulƙadir Jalo

*

Azare
10 ga Mayu, 1987

Baffa,

Assalamu alaikum. Barka da shan ruwa, ya jiki, ya sanyin can? Ina fata an sami sauƙin ido. A gaida Yaya Habiba da mutanen gidanta. Mu nan lafiya lau. Baba yana nan, idonsa ya tafi gaba ɗaya tun bara, amma kunne da baki suna nan daram. Bana ma ya ƙi ajiye azumi, duk da likita ya ce ya ciyar.

Takardunka biyu sun iso, ta farko tun ƙarshen Maris. Ba gidan waya ne ya yi jinkiri ba, ni ce. Ban karanta wa Baba ko ɗaya ba, kuma ka gafarce ni, ba ni da niyya.

Baffa, kai babba ne, ban isa in yi maka musu ba. Amma ka ce ba za ka ɓoye komai ba. Me ya rage a ɓoye? Duk ƙasar nan wa bai san Malam Hambali Ƙararrawa ba? Sai da na kai aji uku a firamare kafin na gane ba sunan kakanmu ba ne. Shekara talatin da huɗu yana koyarwa a ƙauyuka, duk garin da aka kai shi sunan ya riga shi isa. Yara su sami gwangwani da ƙusa su bi shi suna kaɗawa, shi kuwa ya waiwayo ya ce, "An tashi, kowa ya tafi gida." Mutane su yi dariya, shi ma ya yi. Innarmu ce ba ta taɓa dariya ba. Ita ta gaya mini cewa bayan wasan nan Baturen ya rubuta a takardar Baba wai ba shi da natsuwa, ba a ba shi amana. Da wannan layi aka tura shi koyarwa a elemantare ta ƙauye, ku kuka wuce koyarwa a Midil, daga can har Ingila.

Ban ce laifinka ba ne. Kowa da rabonsa. Amma yanzu da ya tsufa, masu tsokanar sun mutu ko sun gaji, sai a buga abin a littafi, a Landan, jikokinsa su karanta? Alhaji Uwaisu ya nemi wani abin dariyar.

Hoton yana nan a akwatinsa. Ba zan aiko ba.

In na yi rashin kunya a yafe mini, albarkacin watan da muke ciki.

'Yarka,
Karimatu

*

Woolwich, Landan
1 ga Yuni, 1987

'Yata Karimatu,

Barka da Sallah, Allah ya karɓi ibadarmu. Ina lafiya. An sa ranar aikin idon hagu, 18 ga wata.

Takardarki ta zo shekaranjiya. Ba ki yi rashin kunya ba. Kin karanta layina yadda duk mai hankali zai karanta shi, laifin na marubucin ne. Na yi shekara ashirin ina duba makarantu, ina jan kunnen malamai a kan jimlar da ba ta fito fili ba, ga shi na rubuta miki irinta, kuma da gangan, domin na ji tsoron fitowa fili. Wannan karon ba zan ba gidan waya ba. Hajiya Memunatu, maƙwabciyar Habiba, za ta tashi zuwa Kano jibi, ta yi alkawarin ƙanenta zai kawo miki hannu da hannu.

Ga abin da ya faru.

A Kwaleji, ƙararrawa ce take yanka mana rana. Da ita muke tashi, da ita muke cin abinci. Kowace yamma muna tamaula daga ƙarfe huɗu, in aka kaɗa ta biyar da rabi, ko tamaula tana sama ne, an tashi, kowa ya nufi rijiya ya yi wanka. Wanda ya ƙara bugu ɗaya bayan ƙararrawa, sharar fili ce hukuncinsa. Wasanninmu shida na farko duk an gama su kafin lokacin, don haka ba mu taɓa sanin wasa zai iya wuce ƙararrawa ba.

Ranar kofi, ma'aikatan jirgin ƙasa ne abokan karawarmu. Motarsu ta lalace a hanya, ba a fara ba sai huɗu da rabi. Kafin a fara, Baturen ya kira ni gefe ya ce, "Kyaftin, yau wasa zai wuce ƙararrawa. Ka gaya wa kowane ɗayansu, ba a tashi sai na busa usur." Na bi su ɗaya ɗaya na gaya wa mutum tara. Hambali yana can tsakanin sandunansa yana shafa ƙasa a hannu. Ban je ba.

Dalilin kuwa, kwana tara ke nan ba na yi masa magana. Ya ari littafina na labarin ƙasa, ya kifar da tawada a kan taswirar koguna da na yi mako biyu ina zanawa, ya kuma yi dariya ya ce ya ƙara mini tafki. Shi ke nan dalilin, babu wani. Na ce a raina wani zai gaya masa.

Muna ɗaya da ɗaya aka kaɗa biyar da rabi. Tamaula tana tsakiyar fili. Hambali ya cire hularsa, ya karkaɗe ta, ya kama hanyar rijiya, kamar yadda aka horar da shi shekara huɗu. Wani dogo daga cikinsu ya hango gida babu kowa, ya buga daga nesa. Ba ma bugu mai ƙarfi ba ne. Tana gangarawa muna ihu, shi yana tsammani murnar tashi ce.

Washegari Baturen ya tara makaranta duka. Ya ce, "Kyaftin, ka isar da saƙona ga kowa?" Na ce, "Na isar, ga mutum goma." Ya juya ga Hambali ya ce, "Kana da magana?" Mahaifinki ya dube ni. Na ƙirga a raina, ya kai daƙiƙa biyar. Sannan ya ce ba shi da magana.

Layin da aka rubuta a takardarsa, nawa ne. Sunan da yara suka bi shi da shi, ni na saya masa. Mun haɗu sau shida tun daga lokacin, a biki da jana'iza, kowane karo na gaishe shi da kyau na tambayi iyali.

Abin da nake nufin bugawa ke nan. Amma ba zan miƙa wa Alhaji Uwaisu ba sai da izinin mahaifinki, domin sunansa zai sake shiga bakin mutane. Ki karanta masa wannan duka, kada ki tsallake layi.

Abdulƙadir

*

Woolwich, Landan
26 ga Yuni, 1987

Karimatu,

Gaisuwa. An yi aikin, ido yana ɗaure, Habiba ta hana ni rubutu, ta fita aiki na ɗauko alƙalami. Ki yi haƙuri da layukan, sun karkace.

Hajiya Memunatu ta bugo waya daga Kano ta ce an ba ki takardar ranar 8 ga wata. Kwana goma sha takwas. In mahaifinki ya ce kada in sake ambaton sunansa, ki gaya mini haka, zan ɗauka. In kuma jikinsa ne ya motsa saboda abin da na rubuta, kada ki ɓoye mini. Wannan tunanin ne ya fi hana ni zama.

Alhaji Uwaisu ya zo har gida jiya. Ya ce mai buga littafi ya ba da kwana goma na ƙarshe, in ban kawo wasa na bakwai ba, shi zai rubuta yadda ya ji ana faɗa. Na ce masa in ya yi haka zan tashi a tsakiyar taron in ƙaryata shi. Ya ce, "Ranka ya daɗe, abin wasa ne fa." Na ce na sani, ni na buga shi.

A.J.

*

Azare
24 ga Yuni, 1987

Baffa,

Ina gaisuwa, ya jiki? Allah ya sa an yi aikin a sa'a. Wani malamin makarantarmu zai kai wannan takarda filin jirgi a Kano.

Na riƙe takardarka kusan mako biyu. Na karanta ta sau uku ni kaɗai, na yi kuka, ba don kai ba, don Innarmu da ta mutu ba ta ji ba. Ranar Juma'a bayan an sauko na zaunar da Baba a zaure na karanta masa. Bai katse ni ba sai a wurin taswira, ya ce in maimaita, ya yi ta dariya har da tari. Da na gama, ya ce in kawo masa ruwa. Sannan ya ce in ɗauko biro. Ga maganarsa, ban gyara ba:

"Ki ce da Audu Sarkin Rula ina gaishe shi. Ki ce wasa takwas muka yi, ba bakwai ba, ya manta da na 'yan asibiti da ruwa ya tashe mu. Mutum yana taƙama da ƙirga, ga makaho yana gyara masa.

"Ki ce tun ina tsaye a gaban Bature na san bai gaya mini ba, ai kunnena ne, ba na aro ba. Na yi shiru ne don a gidanmu ba a tsiraita ɗan'uwa a gaban baƙo. Na ɗauka da yamma zai zo ɗakinmu ya ce, Hambali, na yi kuskure, in zage shi, shi ke nan. Na jira da yamma. Na jira har aka ba da hutu. Da aka kai ni ƙauye na ce zai rubuto. Daga baya na bar jira, na kama noman gyaɗa.

"Ƙauyen nan kuwa kada ya ɗauka wuta aka jefa ni. A can na sami uwarki. Yaran da na koya wa baƙi, biyu alƙalai ne yanzu. Amma kada ya ce bai yi zafi ba. Ya yi.

"Ya buga. Ya buga duka, har tawadar. Ya sa cewa na tare bugun fenariti biyu a wasan nan kafin ƙararrawa, don na ga bai ambata ba. In Uwaisu yana son dariya, ya yi wa kyaftin.

"Yafiya kuwa na yafe, ba yau ba. Sai dai abu ɗaya. An ba shi saƙo ya kawo mini, har yau bai kawo ba. Ya ba 'yata labarin saƙo, zai ba mutanen Landan labarin saƙo, ni mai saƙon ina zaune. Ni dai ban san ɗan aiken da ya fi wannan jinkiri ba."

Iyakar maganarsa ke nan. Ya ce in sa hoton a ciki, ga shi, a dawo mana da shi.

Ni kuwa Baffa, gaskiya ban kai inda Baba ya kai ba tukuna. Ka ba ni lokaci.

Karimatu

*

Woolwich, Landan
20 ga Yuli, 1987

Zuwa ga ɗan'uwana Malam Hambali. Karimatu, ki karanta masa a hankali. Lokacin da kika nema kuma naki ne, ba zan ƙirga kwanakinsa ba.

Hambali,

Ina gaishe ka, ina fata ka tashi lafiya. Idona ya buɗe, na ga hoton sarai. Kai ne na biyu daga hagu, hularka a karkace.

Takardarku ta iso saura kwana biyu wa'adi ya cika. Na kai rubutun da kaina. Takwas ne, ka yi daidai, na gyara. Fenariti biyun suna shafi na goma sha huɗu.

An yi taron shekaranjiya Asabar, mutum sittin da ɗaya. Uwaisu ya so a raba littafin kawai, na ce sai na karanta da bakina. Da na kai wurin da ka kama hanyar rijiya suka fashe da dariya, yadda suka saba. Na jira suka gama, na ci gaba. Daga nan ba wanda ya sake motsi. Da na zauna, wani likita da ban sani ba ya taso ya ce kai ka koya masa karatu a ƙauyensu, shi ma yana cikin masu kaɗa gwangwani. Ya karɓi adireshinka. Wasu da suka saba durƙusa mini sun fita ba su yi mini sallama ba. Ban ga laifinsu ba.

Habiba ta ce likita ba zai bar ni in hau jirgi ba sai Satumba. Zan zo Azare in Allah ya kai mu, in tsaya a gabanka ka yi zagin da ka tanada. Amma ni da kai mun wuce shekarun da ake ajiye abu sai Satumba, don haka ga shi yanzu, zan kuma maimaita da baki.

Hambali, Bature ya ce in gaya maka: yau wasa zai wuce ƙararrawa. In ka ji an kaɗa, kada ka tafi. Ka tsaya a gidanka sai an busa usur.

Kyaftin ɗinka,
Audu